Karatun kula da masu matsalar numfashi

Uwar Biyu, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ɗana ya kammala sakandare, yana son aikin kula da masu fama da numfashi. Wane karatu ya kamata ya nema?

Ma'aikacin jinya, Kawo: Wa'alaikumus salam, Hajiya. A Amurka wannan sana'a ce mai zaman kanta, ana karanta ta aƙalla shekara 2 kafin jarrabawar lasisi, amma a asibitocinmu likitocin sa barci da ma'aikatan jinya na sashen kulawa ta musamman ne ke sarrafa na'urar taimakon numfashi.

Baban Ummi, Barnawa: Shawarata, ya nemi fisiyoterafi, wato jinya ta hanyar gashi da motsa jiki, a Jami'ar Bayero ta Kano, daga baya ya ƙware a ɓangaren zuciya da huhu, domin masu asma suna da yawa, musamman lokacin hunturu.