Baba ya dawo daga Umara da tari: gwajin korona na gaggawa ko PCR?

Ɗiyar Fagge:
Assalamu alaikum. Baba ya dawo daga Umara ranar Alhamis, jiya ya tashi da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ga busasshen tari. Shekarunsa 74, kuma yana da ciwon suga. 'Yan uwa sai cewa suke yi ai kowa da mura yake dawowa daga Makka. Ni dai hankalina bai kwanta ba, don 'yan sannu da zuwa sun cika gida, har da mai jego. A kemis na ga abin gwajin korona na tsinken hanci, a lab kuma sun ce akwai PCR, gwajin korona da ake yi da na'ura, amma da tsada, sakamakon ma sai gobe ko jibi. Wanne zan yi masa? Don Allah masu sani a taimaka.

Mai aikin lab:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ki fara da na kemis ɗin yau, kada ki jira. Cikin minti 15 zuwa 30 za ki ga sakamako, kuma ya fi kama cutar a kwanakin farko na alamomi, lokacin da ƙwayar take da yawa a hanci. Idan layi biyu suka fito, na wajen harafin C da na wajen harafin T, ko da na T ɗin dishi-dishi ne, to ki ɗauka yana da ita. Inda mutane suke ruɗuwa shi ne layi ɗaya. Layi ɗaya a ranar farko ba ya wanke mutum, domin sai ƙwayar ta taru sosai kafin wannan gwajin ya gan ta. A sake bayan awa 48. Shi PCR kuwa yana ninka ɗan abin da aka samu na ƙwayar a cikin na'ura har ya bayyana, shi ya sa yake kama abin da ya kuɓuce wa wancan. Ga dattijo mai suga, idan na gaggawa ya ce babu alhali jiki na cewa akwai, kuɗin PCR bai tafi a banza ba. Abin lura dai, PCR yakan ci gaba da nuna cutar har kusan kwana 90 bayan an warke, don haka ba da shi ake gane warkewa ba.

Abban yara:
Ki duba ranar lalacewa a jikin kwalin, 'yar uwa. Yawancinsu an rubuta a ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 30, kin kuwa san zafin wasu shagunanmu. Sannan idan an ce miki akwai na jinin yatsa, wannan garkuwar jiki yake dubawa, yana nuna an taɓa kamuwa ko an yi rigakafi ne kawai.

Nas ɗin unguwa:
Na yarda da su, amma ni ina ganin zuwa wurin likita ya kamata ya zo gaba da kowane gwaji a nan. Magungunan korona da ake ba masu rauni a cikin kwana 5 na farko ake fara su, na mura mai tsanani kuwa cikin awa 48. Ki gaya wa likitan daga Saudiyya Baba ya dawo, kada ki manta da wannan. A can aka fara gano MERS, wata cutar numfashi, a 2012, kuma tsinken kemis ba ya nuna ta. A haɗa masa da gwajin maleriya, a kuma yawaita auna sugansa, don zazzaɓi yana tayar da shi. Idan numfashi ya yi wuya, ko ya fara ruɗewa, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne.

Ɗiyar Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun yi na kemis ɗin, layi ɗaya ne. Yayana zai kai shi asibiti bayan la'asar. Baƙi fa, a bar su su shiga wurinsa?

Mai aikin lab:
A'a, a ba su haƙuri su gaishe shi daga tsakar gida, mai jegon ma ta nisanta. A buɗe tagogin ɗakin, mai kula da shi ya sa takunkumi har a ga sakamako na biyu.