Bokitin da aka binne a lambu: da gaske ba ya cutar da ƙadangare?

Mai Tumatir: Assalamu alaikum. A ganina, duk mai son raba ƙadangaru da wurin renon irinsa ko amyarsa ba tare da ya kashe su ba, babu abin da ya kai masa bokitin da aka binne a ƙasa. A samu bokitin fenti na roba mai lita 20, a wanke shi tas har cikinsa ya yi santsi. A haƙa rami a binne shi, bakinsa ya yi daidai da ƙasa, a danne gefen da kyau. Sai a ja shinge na leda mai kauri ko tsohon kwanon rufi, tsawon mita 5, tsayi santimita 40, a tura gindinsa cikin ƙasa kamar santimita 5, ya ratsa ta tsakiyar bakin bokitin. Ƙadangare zai ci karo da shingen, ya bi gefensa yana neman hanya, ya faɗa ciki. Ba guba, ba rauni.

Malamar Kimiyya: Wa alaikumus salam. Malam, tsarin naka daidai ne, irinsa masu nazarin dabbobi ke kafawa a daji. Amma cewa ba ya cutarwa, nan ne ban yarda ba. Ƙadangare zafin wurin da yake zaune jikinsa ke ɗauka. In rana ta yi masa yawa, dabararsa ita ce ya gudu inuwa, kuma bokiti ya hana shi gudun. Jikinsa ya fi jin daɗi a wajen digiri 36, alhali a Kano ko Sakkwato a watan Afrilu zafin inuwa ma yakan wuce 40. Da tsakar rana hasken yana sauka har gindin bokitin. Wanda ya faɗa da hantsi, aka zo dubawa da la'asar, gawa za a tarar.

Mai Tumatir: Wannan ai yana da magani, Malama. A ɗora murfin bokitin ko falanki a kan duwatsu uku, ya bar rata kamar santimita 5 daga ƙasa, a aza dutse a kai saboda iska. Inuwa ta samu, kuma ƙadangare na son shiga ƙarƙashin irin wannan wuri.

Malamar Kimiyya: Ya rage zafi, bai gama aiki ba. Da damina ruwan sama ɗaya ya isa ya nutsar da duk abin da ke ciki. Sai an huda gindin da ƙusa mai zafi, huda biyar ko shida, kada kowace ta wuce milimita 3. A ƙasar laka ko fadama kuwa hudar kan jawo ruwa ne daga ƙasa ya shigo, don haka can guntun katako ake sawa wanda zai yi iyo. A zuba busasshen ganye da ɗan fasasshen tulu don ɓuya, da soso mai laima. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne cinnaka da kwarkwasa. In suka gano bokitin, da ransa za su cinye abin da ke ciki, musamman idan an zuba gara ko tsutsa a matsayin abinci. Kada a zuba wani abinci, shingen ya wadatar. A duba da hantsi, da azahar, da kafin magariba, ranar da ba za a samu dubawa ba a rufe bokitin ruf. Mun san hadisin matar da ta tsare kyanwa har ta mutu, tarkon da aka kafa aka manta da shi bai yi nisa da wannan ba.

Baba Mai Zuma: 'Ya'yana, kuna ta gyaran bokiti, ba ku tambayi wa yake kamawa ba. Wanda ke zama bakin amya yana tsintar ƙudan zuma ɗaya bayan ɗaya shi ne jan gwada da matansa, kuma su mahaya ne. Katanga, bishiya, kututture, nan suke wuni. In ya iske shingen leda mai santimita 40, sau da yawa tsallake shi zai yi. Masu faɗawa bokiti su ne masu bin ƙasa: kulɓa, kwaɗi, jaɓa, kunama. Tsaka kuwa ko ta faɗa, tafin ƙafarta na kama roba, ta fito abinta. Sannan ku ji wannan da kyau: kububuwa ma tana faɗawa, ita ce macijiyar da ta fi kai mutane asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe. Kada wanda ya zura hannu cikin ganyen nan. A motsa da doguwar sanda tukuna, yara kuma kada su je dubawa su kaɗai.

Ɗan Maraɗi: Baba, to me zai hana a sa gam ɗin ɓera a kan kwali kusa da amyar? In ya kama, a zuba man gyaɗa, gam ɗin ya saki.

Malamar Kimiyya: Ƙanena, man gyaɗa hanyar ceto ce ga wanda ya riga ya maƙale, ba dalilin kafa gam ba. Kafin ka iso ya yi ta fizge-fizge, fatar ciki ta saɓule, yatsu su karye, in hanci ya manne numfashi ya tsaya. Idan an tarar da shi a haka, a rufe sauran gam ɗin da gari ko takarda, a riƙa ɗiga mai da auduga a inda fata ta haɗu da kwali, a ɗaga a hankali daga kai zuwa wutsiya, sannan a goge man da tsumma mai laima. Kananzir da fetur kada a kusanto da su, guba ne a gare shi.

Baba Mai Zuma: Abin da ke kama jan gwada zarge ne. Sandar gora mai mita 2, a ɗaura zare a kanta ya sauko kamar santimita 15, a yi zarge wanda faɗinsa ya ɗan fi kan ƙadangaren. Zaren ɗinkin takalmi da aka shafa wa kaki ya fi, don yana tsayawa a buɗe. Siririn zaren fatsa yana yanka fata. Da sassafe ake yi, lokacin da ya fito shan hantsi jikinsa bai gama ɗumi ba. A taho ta baya a hankali, kada inuwar mutum ta faɗa kansa. Idonsa na kan mutum, bai damu da zaren ba. A zura ta kai, a ɗaga sau ɗaya.

Mai Tumatir: Baba, da girmanka, wannan ai rataya ce. Ta ina ta fi bokitina tausayi?

Baba Mai Zuma: Ta wajen lokaci, ɗana. Bokiti na tsare shi awanni, zarge daƙiƙu ne. Ba shi da nauyin da zai shaƙe kansa kafin ka sauke shi ƙasa ka dafe. Inda ake kuskure shi ne a bar shi yana lilo, ko a fizga da ƙarfi. A kama gangar jiki ta bayan ƙafafun gaba, ba wutsiya ba. A ƙulla ɗan guntun zare a jikin ƙullin tun farko, da an ja shi zargen ya buɗe. Daga nan sai jakar yadi a inuwa, ɗaya a kowace jaka, don maza biyu faɗa za su yi. Damo kuwa ya yi wa wannan dabara nauyi, a bar shi.

Malamar Kimiyya: Na fi karkata ga Baba a kan jan gwada, ko da yake zarge na son hannun da ya saba. Duk wanda ya taɓa ƙadangare kuma ya wanke hannu da sabulu, bokitin nan kada ya koma ɗiban ruwa. Kashin ƙadangare na ɗauke da ƙwayar cuta mai suna Salmonella, har akwai nau'inta da aka fara ganowa a jikin ƙadangare a Ibadan a shekarun 1950, aka sa mata sunansa na kimiyya, Agama.

Ɗan Maraɗi: Yaya, in an kama, ina za a kai shi? Abin ya zama ƙadangaren bakin tulu. Cinnaka, gara da fara yake ci, ka kwashe shi ƙwari su samu sake.

Baba Mai Zuma: A sake shi a ranar, a inda akwai duwatsu ko bishiyoyi da wurin ɓuya, ba fili fetal ba inda shirwa za ta sure shi. Amma ka sani, kowane jan gwada da yankinsa, ka ɗauke shi wani namijin ya gaje wurin. Shi ya sa nake cewa a gyara amyar: a ɗora ta kan ƙafafun ƙarfe, a sa wa kowace ƙafa mazurarin kwano mai kallon ƙasa, a sare reshen da ke taɓa ta.

Mai Tumatir: A kan amya na karɓa, Baba. A wurin renon iri dai ina nan kan bokitina, da murfi da dubawa sau uku. Wanda ba zai iya wannan ba ya lulluɓe gadon irin da tsohon gidan sauro, ya binne gefensa cikin ƙasa, ya bar wa shukar rata kamar santimita 30 daga sama.