Karanta rubutun fim kafin kallo ya hana ni sakat

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ni tela ne, amma tun ina sakandare nake rubuce-rubuce, na cika littafi uku, ɗaya ruwa ya lalata da rufin ɗakinmu ya yi yoyo. Wani ya ce in ina son iya rubutun fim, in dinga karanta na Turawa a IMSDb, wani shafin intanet mai tara rubutun finafinai, kafin in kalla. Wata takwas ke nan. Yanzu in na zauna kallo sai lissafi: nan sun yanke, nan sun canza magana. Jiya bakina ya suɓuce na faɗi ƙarshen fim a shago, abokina ya tashi ya bar shayinsa ko kurɓa bai yi ba. Na maiɗakina kuwa a bar shi kawai. Ya zan yi?

Ɗan Fagge: Malam, ka ɗauko abin ta wutsiya. Kallo ake fara yi, sannan karatu. Shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, shafi 120 awa biyu. Kuma da yawan na intanet tsohon daftari ne, ba wanda aka ɗauki fim da shi ba. In ba ka ga INT. (cikin gini) da EXT. (waje) a kan fitowa ba, maganganun 'yan wasa kawai wani ya kwafe.

Maman Biyu: Allah sarki matarka. Nawa maigidan ko fassarar Indiya muke kallo sai ya ce "wannan mutuwa zai yi". Na daina zama da shi.

Tsohon Marubuci: A'a, ban yarda da Ɗan Fagge ba. Mai tambaya, ci gaba da karantawa tukuna, ka hasko fitowar a ranka, ka ga yadda darakta ya yi tasa. Amma me za ka tsinta? Na kwana uku ina rubuta wa wani furodusa, a lokeshin darakta ya ninke takardun ya cusa aljihu, ya ce kowa ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Cikon kuɗina har yau shiru.

Mai tambaya: Yallaɓai Ɗan Fagge, Turancinsu da sauri yake. In ban karanta ba rabi ya wuce ni. Kuma abokin nan nawa dama mai saurin fushi ne.

Ɗan Fagge: To ka kunna rubutun ƙasan allo mana! Na faɗa maka, kallo tukuna.

Maman Biyu: Wai me ya faru da matar taka?

Mai tambaya: Hajiya, ba wannan na tambaya ba.