Neman shawara kan sayen gida a Yamai

Ɗan Ader: Salamu alaikum jama'a. Dillali ya nuna mani wani gida a Banifandu, kuɗin ya yi mani daidai amma akt de sesiyon ɗin, wato takardar filin, sunan mahaifin mai saidawa ke kai, kuma tsohon ya rasu. Ɗan ya ce in biya kawai daga baya a canza suna. Hankalina bai kwanta ba, ya kuke gani?

Maman yara: Ɗan uwa kar ka ba da ko dala. Gidan gado ne wannan, sai an kawo takardar kotu da ta nuna magada duka, har mata da waɗanda ke ci rani a Libiya ko Abijan, kowa ya sa hannu ko ya ba da wakilci a rubuce, in ba haka ba ranar da ɗaya ya dawo ya ce bai yarda ba kai za a kai jastis, ga kuɗinka sun tafi.

Alhajin Lazare: Gaskiya ta faɗa. Ka kwashi lambar ilo (rukunin filayen) da ta parsel (filin kansa) ka je meri da kadastir (ofishin rajistar filaye) su duba maka rajista, ana sai da fili guda ga mutum 2 a garin nan. In da titir fonsiye (takardar cikakkiyar mallaka) ka tambaya ko an jinginar da shi a banki. Kuɗi kuma gaban noter (mai tabbatar da takardun ciniki a hukumance) za ka biya, ba hannun dillali ba.

Ɗan Ader: Na gode Alhaji, na gode Hajiya. Kuɗin noter ɗin wa ke biya?

Alhajin Lazare: Galibi mai saye, har da na anrejistirma, wato rajistar cinikin wurin gwamnati. Ka sa shi cikin lissafinka tun yanzu.