Yaya ake cire injin wanki daga famfo?

Uwargidan Gusau: Salam yan uwa, zamu tashi daga Tudun Wada zuwa Samaru ranar Asabar kuma injin wankina a haɗe yake da famfon banɗaki, tsoro nake in kwance tiyon ruwa ya malale gida. Dole sai na kira mai gyaran famfo?

Mai Famfo: Hajiya ba dole bane. Ki fara zare wayar injin daga soket, ki murɗa kan famfon dama ya rufe gam, in baya da makulli ki rufe daga tankin sama. Sai ki tara bokiti ki murɗa bakin tiyon hagu, in ya ƙi ki sa filaya a hankali don roba ce tana fashewa, kuma akwai wata yar roba baƙa a ciki kar ta ɓata, ita ke hana yoyo.

Yar Talata Mafara: Anti kar ki manta tiyon fitar da ruwa, kullum da sauran ruwa a ciki. In mai ƙofar gaba ne ki buɗe filtar ƙasa ki tara tsumma.

Mai Famfo: Gaskiya ne. Ki mayar da notocin baya da injin yazo dasu, masu riƙe gangar ciki kar ta girgiza, kafin a ɗora a mota, kuma a ɗora shi a tsaye.

Uwargidan Gusau: Nagode Malam, Allah ya saka, bari in duba kwalinsa.