Buhu mai leda biyu ya isa ya hana wake hujewa, ko sai an jefa ƙwaya?

Malamin Gona:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tunda kaka ta gabato, ga maganar da nake so mu tattauna. Waken da ya bushe sosai, aka zuba shi a buhun nan mai leda biyu da ake kira PICS, aka ɗaure bakinsa yadda ya kamata, zai kai bazara har ya shiga damina bai huje ba, kuma ba a sa masa ko ɗigon magani ba. Jefa ƙwayar Phostoxin, maganin da ake turara hatsi da shi don kashe ƙwari, a cikin irin wannan buhu asarar kuɗi ce, kuma sayen haɗari ne. Buhun ba sabon abu ba ne. Masana daga jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na arewacin Kamaru suka fara gwada dabarar a ƙarshen shekarun 1980, sannan daga 2007 aka shiga yaɗa shi a ƙasashe goma na yammaci da tsakiyar Afirka, ciki har da Najeriya da Nijar. Ledoji biyu ne a ciki, kowace kaurinta maikiron 80 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), sai buhun saƙa a waje wanda aikinsa ɗaukar nauyi da kare ledojin.

Alhaji Mai Sito:
Wa alaikumus salam Malam. Ban yarda da maganar a dunƙule haka ba. Ƙwarin wake ba daga waje yake shigowa ba balle a ce leda ta tare shi. Tun daga gona yake tahowa a cikin ƙwayar waken. Ka ɗebi wake mai kyan gani ka kulle a leda, ai ka kulle ɓarawo ne a cikin ɗaki tare da kaya. Sannan akwai buhunan da ake buɗewa a tarar da ledar ciki da ƙananan huji kamar an tsira allura. Me ya huda ta in ba ƙwaron ba?

Malama Mai Binciken Ƙwari:
Alhaji, gaskiyarka a kan cewa daga gona yake tahowa, kuma nan ne ma dabarar take. Macen ƙwaron tana manna ƙwanta a bayan waken, tana iya sa ƙwai gommai, wani lokaci har kusan ɗari. Ka ɗauki wake ka duba da kyau a rana: ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba garau yake kamar ɗigon ƙaro, wanda ya koma fari fat kuwa tsutsar ta riga ta fasa ta ƙasansa ta shige cikin waken, garin da ta tono ne ya cika ɓawon. A ciki take ci, a ciki take girma. In ta kusa fitowa za ka ga wani ɗan da'ira mai duhu a ƙarƙashin fatar waken, wannan ita ce ƙofar da babban ƙwaro zai ɓalle ya fito. A zafi irin namu, wajen digiri 30, daga ƙwai zuwa babban ƙwaro mako uku zuwa huɗu ne. Shi ya sa buhun da ba a yi wa komai ba yake zama gari kafin wata shida.

To ita tsutsar nan numfashi take yi. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ce. Idan aka kulle buhu, tsutsotsin da ƙwarin su ne da kansu suke shanye oksijin ɗin da ya rage a tsakanin waken, suna fitar da kabon dayoksaid. In ya sauka ƙasa da kamar kashi 5, sai su daina ci, girma ya tsaya, hayayyafa ta tsaya.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, mutane suna ɗauka shaƙewa ce take kashe su, amma binciken masanan Purdue da aka wallafa a 2012 ya nuna ƙishirwa ce. Busasshen wake ba shi da ruwan da zai ishi tsutsa, don haka yawancin ruwan jikinta tana samunsa ne idan ta ƙona sitacin da ta ci da oksijin. Ba oksijin, ba ruwa. A hankali take bushewa har ta mutu.

Alhaji Mai Sito:
Malama, na ji wannan. Amma ba ki amsa maganar huji ba.

Malama Mai Binciken Ƙwari:
Yana faruwa, ba na musu. Idan waken da ke manne da jikin leda yana ɗauke da ƙwaron da ya isa fitowa, kuma ƙofarsa ta fuskanci ledar, yana iya yanka ta tare da fatar waken. A kwanakin farko yake faruwa, kafin iska ta ƙare. Dalilin leda ta biyu ke nan. Ƙwaron da ya faɗa tsakanin ledojin biyu ba shi da wurin dogara da zai ciji ta waje, santsi ne gaba da baya. Abin dubawa shi ne ledar waje. In tana lafiya, buhu yana aiki.

Ɗan Maraɗi:
Ina goyon bayan Malam, amma da gyara. Yawancin buhunan da suke ba da kunya, wajen cikawa aka ɓata su. Ga yadda ake yi. Kafin komai a gwada kowace leda: a buɗe ta ta ɗebi iska, a riƙe bakin, a danna da hannu. In ta saki iska, a ajiye ta gefe don wani aikin. A shiƙe waken sosai, domin guntun kwanso da tsakuwa da tsinke su ne suke tsire leda daga ciki. A zuba kwano biyu ko uku a leda ta farko don ta zauna, a sa ta cikin ta biyu, a sa duka cikin buhun saƙa, a naɗe bakunan uku waje kamar an naɗe hannun riga, sannan a ci gaba da zubawa ana girgizawa don waken ya cushe. Kada a cika fal, a bar abin da zai isa murɗawa. A matse iskar sama da tafin hannu, a murɗe bakin leda ta farko, a lanƙwasa shi gida biyu, a ɗaure. Ta biyu ma haka, ita kaɗai. Buhun waje shi ma shi kaɗai. Masu haɗa bakin ukun su ɗaure da igiya ɗaya sun kashe aikin tun ranar farko. Siririyar igiyar leda tana yanka, gara zaren auduga mai kauri ko robar tsohon tub.

Bayan haka a ɗora a kan katako, nesa da bango, a inuwa. Ɓera ɗaya ya isa ya lalata buhu cikin dare guda.

Injiniya:
Ni tambayata ta lissafi ce. Kun ce ƙwarin ne suke shanye oksijin. To idan waken mai tsabta ne, ƙwarin kaɗan ne a ciki, wa zai shanye? Busasshen wake numfashinsa kusan babu. Kuma leda, ko ta maikiron 80, ba ƙarfe ba ce, oksijin yana ratsa ta a hankali. Ashe ke nan buhun ya fi yi wa wake mai ƙwari aiki a kan wake mai kyau?

Malama Mai Binciken Ƙwari:
Injiniya, tambayarka tana kan hanya. Haka ne, in ƙwarin kaɗan ne iskar tana daɗewa ba ta sauka ba. Sai dai abin yana daidaita kansa: da zarar sun fara yawa, shan iskarsu ya fi abin da ke ratsowa ta leda, sai ta sauka ta tsayar da su. Za a iya samun 'yar ɓarna kaɗan a farko, amma ba za ta yi nisa ba. Shi ya sa cika buhu yake da muhimmanci. Buhun kilo 100 da aka zuba wa kilo 40 aka ɗaure can sama, an bar wa ƙwari iskar da za su yi zuriya biyu da ita. In waken kaɗan ne, a sauko da ɗaurin har ya taɓa waken.

Hajiya Mai Abinci:
Ku yi mana maganar danshi, don nan mata suke asara. Wake ya sha leda bai gama bushewa ba, a buɗe a ji tsami, launi ya dushe, ƙosai ba ya tashi.

Malamin Gona:
Hajiya, wannan shi ne babban sharaɗi. Ruwan da ke jikin waken kada ya wuce kashi 12 zuwa 13 cikin 100. In ya wuce, fumfuna take samun wuri, gumi ya taru a jikin leda, waken ya yi tsami, in iri ne kuma tsirarsa ta mutu. Wanda ba shi da na'urar awo, ga gwaji: a samu busasshiyar kwalba mai murfi, a zuba wake kamar kashi ɗaya cikin uku, a ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da aka shanya ya bushe ƙarau, a rufe, a girgiza minti ɗaya, a ajiye kwata na awa, a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, waken yana da sauran ruwa, a mayar da shi rana. In bai manne ba an kusa, amma ƙarin yini ɗaya a rana ba ya cutarwa. Kuma kada a kwaso wake da zafin rana a kulle nan take, a bar shi ya huce a inuwa tukuna.

Alhaji Mai Sito:
Duk abin da kuka faɗa na manomi ne mai buhu biyar ko goma a ɗaka. Ku zo kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano ku ga yadda kaya suke tafiya. 'Yan dako da ƙugiya suke jan buhu. Mai saye ba zai biya ba sai ya caka ƙarfe ya zaro samfur ya gani a tafin hannunsa. Ana jifa da buhu daga kan tirela. Wace leda ce za ta jure wannan? Ga jabu sun cika kasuwa, leda siririya kamar ta burodi an buga mata tambari. Mai buhu dubu biyu da zai juya su cikin wata biyu, turara masa ya fi sauƙi da arha.

Malamin Gona:
Alhaji, a nan ban ja da kai ba. Buhun na ajiya ne, ba na yawon kasuwa ba. Ranar sayarwa a juye waken a buhu na yau da kullum, a naɗe ledojin a ɓoye su inda rana da ɓera ba za su kai ba, suna iya yin kaka uku. Turara babban sito kuma aiki ne da aka sani, in ƙwararru suka yi. Abin da nake ƙi shi ne yadda ake yinsa a gidaje.

Mai Feshi:
Bari in yi bayanin wannan, don mutane suna wasa da ajali. Ƙwayar Phostoxin nauyinta giram 3, tana fitar da giram 1 na iskar fosfin idan ta sha danshin iska. Iskar ce take kisa, ba garin ba. Aikin yana buƙatar tamfol na musamman da iska ba ta ratsawa, a lulluɓe tarin buhuna, a danne gefunan da buhunan yashi a kan daɓen siminti, a sa ƙwayoyin a faranti ko ambulan don kada su taɓa hatsi, a bar shi aƙalla kwana bakwai, sannan a buɗe ya sha iska kafin kowa ya shiga. Ƙwayoyi ƙalilan ake sa wa tan guda, wato buhu goma, adadin yana jikin gwangwani. Mai jefa ƙwaya guda a kowane buhu ya wuce ƙa'ida nesa. In kuma buhun saƙa ne tsirara, iskar ta gudu cikin kwana ɗaya ko biyu, ta kashe manyan ƙwari ta bar ƙwai da waɗanda suke kwance a cikin wake, bayan mako uku a ga sun dawo, a ce maganin jabu ne. Irin wannan rabin turaren shi yake haifar da ƙwarin da ba sa jin magani. Iskar da ta gudu kuma ɗakin kwana take shiga. Warinta kamar tafarnuwa, amma kada a dogara da hanci, tana ratsa tsagar bango da rufi, kuma ba ta da makari. Ba a yinsa a gidan da mutane ko dabbobi suke kwana, kuma ruwa kada ya taɓa ƙwayar, tana iya kamawa da wuta.

Wani abin kuma, fosfin ba ta barin kariya. Ranar da aka yaye tamfol, sabon ƙwaro yana iya shiga.

Hajiya Mai Abinci:
Su kuma masu yayyafa Sniper fa?

Mai Feshi:
Wannan ba shi da hujja ko kaɗan, Hajiya. Sinadarin da ke ciki, dikulobos, ba a yi shi don a zuba a kan abin da za a ci ba. Saboda shi ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015, domin iyakarsu miligiram 0.01 ne a kilo guda, abin da suka yi ta samu kuwa ya zarce haka.

Injiniya:
Ina ji ana cewa sabon irin nan na Samaru, SAMPEA 20-T, ba ya ƙwari. Shi ma sai an sa shi a leda?

Malama Mai Binciken Ƙwari:
Sai an sa. Irin da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar a 2019, kariyarsa daga tsutsar Maruka ce, mai cin fure da ɗanyen kwanso a gona. Ƙwaron ajiya dangin buzuzu ne, sinadarin da ke cikin irin bai shafe shi ba. Zai huje kamar kowane wake.

Alhaji Mai Sito:
To na sauko rabi. Na ajiyar gida da na iri, a yi leda. Amma har yanzu ina ganin in wake ya riga ya kamu sosai, ƙwari suna yawo a kai, leda kaɗai ta yi jinkiri.

Ɗan Maraɗi:
Wanda ya kamu sosai ma shi ya fi saurin shanye iskar, Alhaji, sai dai hujin da aka riga aka yi ba ya toshewa. Mai son ya gaggauta, akwai rana. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa don kada ƙasa ta janye zafi, a ɗora baƙar leda, a baza wake siriri, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a naɗe gefuna a danne da duwatsu, a bar shi awa biyu da tsakar rana. Zafin digiri 57 na awa ɗaya yana kashe ƙwai da tsutsa da babba. A tankaɗe, a bar shi ya huce, sannan a kulle.

Na cin yau da gobe kuma kada a riƙa buɗe babban buhu, duk buɗewa sabuwar iska ce. A ware shi a jarkoki masu lita 25, kowace tana cin kusan kilo 19. A wanke, a bushe ta sarai, a cika har wuya ana bubbugawa, a sa 'yar leda a ƙarƙashin murfi a murɗa tam. A buɗe ɗaya, a cinye ta, sannan a taɓa ta gaba.