Mun kafa sola amma kuɗin ƙololuwar jan wuta bai sauka ba, ina matsalar take?

Mai Masana'antar Roba:

Assalamu alaikum. Watanni bakwai ke nan da muka kafa farantan sola masu ƙarfin kilowat 100 a kan rufin masana'antarmu ta sarrafa roba, inda muke aiki daga ƙarfe bakwai na safe zuwa shida na yamma. Takardar kuɗin wutarmu kashi biyu ce: akwai kuɗin wutar da muka sha, wanda ake lissafawa da kilowat-awa, akwai kuma wani kuɗi na daban da ake ɗora mana gwargwadon nauyi mafi girma da muka ja a lokaci guda cikin wata. Kashi na farko ya sauka ƙwarai, ba ni da ƙorafi a kansa. Na biyun kuwa ko gezau bai yi ba, alhali wanda ya yi mana aikin ya tabbatar mini cewa duka biyun za su ragu. Shin kuskure aka yi wajen haɗawa, ko kuwa farantan ne suka yi kaɗan in ƙaro wasu?

Injiniyan Lantarki:

Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka yi gaggawar ƙaro faranti, domin da wuya a ce a nan matsalar take. Kuɗin nan biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba. Na farko yana ƙirga jimillar wutar da ta ratsa mita a wata, saboda haka duk abin da rana ta ba ka ragi ne kai tsaye. Na biyu kuwa mita tana yanka wata zuwa gajerun lokuta, galibi na minti 15 ko 30 gwargwadon tsarin kamfanin wuta, ta ɗauki matsakaicin nauyin da ka ja a kowane yanki, sannan a ƙarshe a zaɓi mafi girma guda ɗaya tak a caje ka da shi. Idan na minti 15 ne, wata mai kwana 30 yana da irin waɗannan yankuna 2,880, kuma guda ɗaya daga cikinsu ya isa ya yanke maka kuɗin watan baki ɗaya. Dalilin kamfani shi ne dole ya tanadi taransifoma da waya masu iya ɗaukar nauyinka mafi girma, ko da sau ɗaya kake kai wa nan.

To, sola tana rage wannan kuɗi ne kawai idan tana bayar da wuta mai yawa a daidai lokacin da nauyinka ya kai ƙololuwa, kuma ta yi hakan kowace rana ba fashi. Idan ƙololuwarka da sassafe take zuwa ko bayan rana ta yi sanyi, farantan ba su da abin da za su taimaka da shi, ko da ka ninka su. Idan ma da tsakar rana take zuwa, hadari ɗaya da ya rufe rana na rabin awa zai mayar da mafi yawan nauyin kan layin kamfani, mita kuma ba ta mantuwa.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka nemi kamfanin wuta ya ba ka bayanan mitarka na kowane yanki na lokaci, na wata 12 idan zai yiwu, ko ka sa a maƙala na'urar da ke naɗar nauyi a babban allon wutarka na makonni. Ka duba kuma ko yarjejeniyarka tana da sharaɗin da wasu kamfanoni ke sakawa, wanda ke ci gaba da cajin wani kaso na ƙololuwar da ka taɓa kaiwa a watannin baya. Idan akwai shi, ko ka gyara komai yau ba za ka ga sauƙi nan take ba.

Mai Masana'antar Roba:

Na gode, Injiniya. Na samo bayanan wata uku, kuma maganarka ta tabbata. Kusan kullum ƙololuwarmu tana faɗowa tsakanin bakwai da kwata da bakwai da rabi na safe, tana kai kilowat 180, alhali da rana abin da muke ja daga layi bai cika wuce 90 ba. Da na tsaya da kaina na lura, sai na ga mai kula da injuna da zarar ya shigo yakan bi layi yana kunna na'urorin ɗumama injunan narka roba guda biyar a jere, sannan ya tayar da kwampireso, wato injin matsa iska, da injin sanyaya ruwa, duk kafin ya ajiye jakarsa. Yanzu batir zan saya ke nan?

Injiniyan Lantarki:

Tukuna dai. Irin wannan ƙololuwa tsari ne ke maganinta kafin kuɗi. Na'urorin ɗumama suna jan cikakken ƙarfinsu ne lokacin da injin yake da sanyi, idan ya kai zafin da ake so sai su koma kunnawa da kashewa. Ka sa a riƙa tayar da injunan biyu, sannan biyu, sannan ɗaya, da tazarar da za ta ba na farko damar kai zafinsu kafin a tayar da na gaba, a kuma jinkirta injin sanyaya ruwa har sai an kusa fara zuba roba. Mutane da yawa suna ɗora laifi kan fizgar wutar da injin ke yi a lokacin tashi, wadda takan ninka ta yau da kullum sau shida ko fiye, amma wannan ta 'yan daƙiƙoƙi ce, ba ta da tasiri sosai a matsakaicin minti 15. Haɗuwar manyan kaya a lokaci ɗaya ita ce ke cinye kuɗi.

Bayan haka ne za ka ga ko akwai sauran abin da batir zai aske. Lissafinsa ya danganta da faɗin ƙololuwar: rage kilowat 40 na rabin awa yana bukatar kilowat-awa 20 ne kawai, amma rage wannan adadi na awa huɗu yana bukatar 160, ban da asarar kusan kashi 10 cikin ɗari ko sama da haka da ake yi tsakanin caji da saukewa. A nan ne sola ke yin amfanin da ba a cika faɗa ba, domin tana cinye tsakiyar yini ta bar maka ƙololuwa siririya a safe ko yamma, wadda ƙaramin batir zai iya ɗauka.

Hajiya Mai Ɗakunan Sanyi:

Malam, ni tawa matsalar da yamma take, don haka bari in ƙara abu biyu daga abin da na gani. Mun sayi batirin litiyam, amma a watan farko ya ba mu kunya, saboda an saita shi ya riƙa ba da wuta tun da rana don rage kuɗin kilowat-awa, sai ya zamana lokacin da hadari ya taso wajen ƙarfe huɗu ya riga ya ƙare. Sai da aka sake saita inbata, wato na'urar da ke juya wutar sola da batir zuwa irin ta layi, ta riƙa tsare wani kaso na caji, ba ta sakinsa sai nauyi ya doshi iyakar da muka sa, sannan muka ga bambanci. Mun kuma koma ƙara sanyaya ɗakunan da tsakar rana lokacin da wutar sola ta wadata, don injunan su sassauta da yamma.

Na biyu, ka duba ko da kilowat ake cajinka ko da kVA, wato ma'aunin dukkan wutar da layi ke ɗauka, har da wadda ba ta zama aiki. Idan da kVA ne, injuna masu naɗin waya suna jan wani nau'in wuta da ba ya zama aiki amma yana cika layi, kuma inbatar sola a saitinta na asali ba ta ɗauke wannan nauyi, saboda haka kVA ba ya sauka daidai da yadda kilowat ya sauka. Mu akwatin kafasito muka sa, na'urar da ke ɗauke wa layi wannan nauyi, ko da yake wasu inbatocin ana iya saita su su yi wannan aiki.

Mai Masana'antar Roba:

Hajiya, na duba takardar yanzu, da kVA ne. Daga Litinin za mu fara tayar da injuna bi da bi, Injiniya kuma ina roƙon ka faɗa mini abin da zan tambayi wanda ya haɗa inbatar game da wannan saiti.